Takardar Minista Ba Ta Koyar Da Rawa

Akwai wani irin bidiyo da kan zagayo wayoyinmu lokaci zuwa lokaci: yara 'yan firamare a ƙasar Sin, an shafe musu fuska da fenti ja da fari da baƙi, an sa musu riguna masu dogayen hannuwa, suna rera waƙa da siririyar murya a filin makaranta. A ƙarƙashinsa sai ka tarar da sharhi iri ɗaya, wai ga mutanen da suka san darajar al'adarsu, gwamnati ta sa wasan gargajiya a manhaja, shi ke nan an ceto shi. Mu dai ba mu karɓi wannan yabo ba, kuma za mu faɗi dalili. Labarin wasan opera na Sin da makaranta ya fi abin da daƙiƙa talatin za ta ɗauka tsawo da ɗaci, darasin da ke cikinsa kuwa kishiyar wanda masu yabon suka ɗauka ne. Hukuma na iya ba da kuɗi, ta gina zaure, ta biya albashi, kuma duk waɗannan suna da amfani. Amma ranar da ta zauna a ofis ta zaɓa wa yara abin da za su kira gadonsu, hoton kanta take miƙa musu.

Abin da ake gardama a kansa

Abin da Turawa suka laƙaba wa suna opera, Sinawa xiqu suke ce masa, kuma ya tara sana'a huɗu a jikin mutum guda: waƙa, magana mai kari, motsin jiki irin na rawa, da faɗa mai haɗe da alkafura. Dandamalin kusan fayau yake, yawanci tebur ɗaya ne da kujeru biyu, sauran duniya kuwa jikin ɗan wasa ne ke samar da ita. In ya ɗaga bulala mai tuntaye, ya hau doki ke nan. In ya riƙe filafili yana lanƙwasa gwiwa yana miƙewa, to kwalekwale ne a tsakiyar kogi. Tutoci huɗu da aka ɗaura masa a gadon baya na nuna sarkin yaƙi ne. Akwai wani wasa mai suna Sanchakou inda mutum biyu ke faɗa da makami a ɗakin masauki cikin duhun dare, alhali fitilu sun haske dandamalin tar. 'Yan kallo na ganin komai, su biyun ne kawai ke lalube. Fentin fuska ma rubutu ne: ja na jarumi mai riƙon amana irin Guan Yu, baƙi na mai gaskiya da ba ya shakkar kowa irin alƙali Bao, fari fat kuwa na mayaudari irin Cao Cao.

Ashe wasan harshe ne mai zaman kansa, wanda bai koye shi ba kuwa sai ya zauna awa uku bai ji komai ba sai ƙarar kuge da tsuwar mawaƙa. A da yaro a kafaɗar kakansa yake koyon wannan harshe, a bikin haikali ko a gidan shayi. Talabijin ta zo, intanet da waya suka biyo baya, kaka ya zauna a ƙauye, jika ya tafi birni. Saboda haka masu cewa dole makaranta ta sa hannu ba su yi ƙarya ba. Inda muka raba gari da su tambayoyi uku ne da ba sa tsayawa su yi: me aka shigar ajin, wa ya zaɓa, wa kuma ke koyarwa?

Waƙoƙi goma sha biyar

A farkon shekarar 2008 Ma'aikatar Ilimi ta Sin ta sanar da wani gwaji. Za a shigar da jingju, wato wasan opera na Beijing, cikin darasin kiɗa na firamare da ƙaramar sakandare a makarantu 200, ashirin a kowane ɗaya daga larduna da manyan birane goma. Ma'aikatar ta fitar da jerin waƙoƙi 15 da aka tsakuro daga wasanni daban-daban. Da jama'a suka duba jerin sai ƙura ta tashi, domin fiye da rabin waƙoƙin daga wasannin yangbanxi suka fito, wato wasannin da aka kira na abin koyi a zamanin Juyin Juya Halin Al'adu.

Wanda bai san tarihin ba zai ce to mene ne a ciki. Ai wasan kwaikwayo ne ma ashanar da ta kunna waccan wuta. Wu Han, masanin tarihi kuma mataimakin magajin garin Beijing, ya rubuta wasan jingju a kan Hai Rui, wani jami'in daular Ming mai gaskiya da aka tuɓe daga muƙaminsa. A watan Nuwamban 1965 Yao Wenyuan ya buga sharhi a wata jaridar Shanghai yana kai wa wasan farmaki ta fuskar siyasa, cikin 'yan watanni ƙasar ta kama da wuta. Wu Han ya mutu a kurkuku a 1969. Ma Lianliang, ɗaya daga manyan 'yan wasan ƙarnin, wanda shi ne ya fito a matsayin Hai Rui, bai ga ƙarshen 1966 ba. Ranar 23 ga Agustan wannan shekara, a harabar haikalin Confucius da ke Beijing, Jajayen Dakaru suka tara tufafin wasa da kayan dandamali suka cinna musu wuta, suka durƙusar da marubuta da 'yan wasa a bakin wutar suna dukansu. Cikin waɗanda aka daka har da Lao She, marubucin wasan Gidan Shayi. Washegari ya bar gida, sai gawarsa aka tsamo daga tafkin Taiping. A lura fa da ko su wane ne Jajayen Dakarun nan: 'yan makaranta ne. Wannan ma wata haɗuwa ce tsakanin ɗalibai da wasan gargajiya, kuma daga sama aka zuga su.

Da aka share dandamali daga sarakuna da jarumai da fatalwa da masoya, Jiang Qing, matar Mao, ta cike gurbin da ayyuka takwas na farko: jingju biyar, rawar bale biyu, da kiɗan taron makaɗa guda. Cikinsu akwai Jar Fitila, labarin wani ma'aikacin jirgin ƙasa da iyalinsa a lokacin mamayar Japan, akwai kuma rawar Jar Rundunar Mata, wadda aka nuna wa shugaban Amurka Nixon da ya ziyarci Beijing a 1972. Shekara goma su ne a rediyo, su ne a lasifikar unguwa, su ne a silima, su ne a makaranta. Marubuci Ba Jin, wanda ya sha tasa azabar a lokacin, ya rubuta daga baya cewa jin waɗannan waƙoƙi na tayar masa da tsigar jiki, yana dawo masa da mugayen mafarkai.

Masu kare zaɓin 2008 sun ce waƙoƙin nan sun fi sauƙin rerawa, lafazinsu ya fi kusa da Sinancin yau, yaro ba zai sha wuya ba. Mun yarda akwai gwaninta a cikinsu, domin ƙwararru aka tara suka tsara su, kuma akwai tsofaffin da har gobe suke rera su don kewar ƙuruciya. Sai dai sunan da aka ba shirin shi ne gadon kaka da kakanni. Ka kori mai gida, ka zaunar da baƙo a kan shimfiɗarsa, bayan shekara arba'in ka kawo jikoki ka nuna musu baƙon ka ce ga kakanku. Yaron da ya haddace waƙar Jar Fitila a matsayin tsantsar jingju, ba a kuma gaya masa abin da aka ƙona aka ba ta wuri ba, mantuwa aka koya masa da sunan tarihi. Ba a banza ba Mei Baojiu, ɗan shahararren ɗan wasa Mei Lanfang, ya fito yana neman a rage su a ƙara tsofaffin wasanni. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Sin ba Beijing ce kaɗai ba

Laifi na biyu ya fi na farko ɓoyuwa ga wanda ke kallo daga nesa. A ƙarshen 2017 hukumomin al'adu na Sin suka fitar da sakamakon ƙidayar da suka yi, suka ce akwai ire-iren xiqu 348 a ƙasar. Jingju ɗaya ne tak daga ciki. Mutanen Guangdong da Hong Kong na da nasu da ake rerawa da harshen Kanton. Mutanen Zhejiang da Shanghai na da yueju, wanda mata ke fitowa har a gurbin maza. Henan na da yuju, Anhui na da huangmei, Shaanxi da Gansu na da qinqiang mai kaurin murya kamar kirari, Sichuan na da nata mai dabarar sauya fuska cikin ƙiftawar ido. Kowanne da karin harshen yankinsa yake tafiya, domin sautin kalma shi ke jan kiɗan.

To cikin wurare goma da aka yi gwajin 2008 akwai Guangdong, akwai Zhejiang, akwai Gansu, akwai Jiangsu. Wato yaron da kakarsa ke rera wasan Kanton tana girki, an kawo masa wasan babban birni an ce masa wannan ne na ƙasa. Ba sai an furta masa ba, ya gane saƙon: na gidanku na ƙauye ne. Malamin da aka ɗora wa aikin kuwa malamin kiɗa ne da ya koyi fiyano da ma'aunin waƙar Turai a kwaleji, aka ba shi 'yan kwanaki na bita da faifai, aka ce ya shiga aji ya koyar da abin da masu shi ke shafe shekara bakwai zuwa goma kafin su iya tsayuwa daidai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin yaron da ya fara haɗuwa da abu a hannun wanda bai iya ba, da wuya ya sake neman sa.

Abin dariya ma, shi kansa jingju baƙo ne a Beijing. A 1790 wata ƙungiyar wasa ta mutanen Anhui ta shiga birnin don bikin cikar sarki Qianlong shekara tamanin, wasu uku suka biyo bayanta, daga baya kiɗansu ya gauraya da na 'yan wasan Hubei. A lokacin kunqu ne wasan da fada da malamai ke kira mai daraja, ire-iren na larduna kuwa tarkace ake ɗaukarsu, har hukuma kan fitar da dokar hana wasunsu. 'Yan kallon gidajen shayi, masu biyan kuɗin kujera daga aljihunsu, su suka ɗaga jingju har fada ta dawo tana gayyatarsa. Da akwai ma'aikatar ilimi a 1800 da za ta zaɓi waƙoƙi goma sha biyar, da jingju bai samu ko guda ba.

Masu kewar bulala

Akwai kuma wasu da za su ji wannan su ce ai mun faɗa, a koma tsohuwar hanya, a miƙa yaro ga ubangida ya horar da shi. Su ma ba mu tare da su, kuma shaidarmu mutum ne da duk wanda ya girma da finafinan Chana a ƙasar Hausa ya san fuskarsa. Jackie Chan bai koyi tsalle da faɗuwa a masana'antar fim ba. Yana ɗan shekara bakwai ko kusa da haka iyayensa suka sa hannu a yarjejeniyar shekara goma suka bar shi a makarantar wasan opera ta Yu Jim-yuen a Hong Kong, inda ya haɗu da Sammo Hung da Yuen Biao. Da bakinsa ya sha ba da labarin tashin asuba, da atisaye har dare, da duka a kan ƙaramin kuskure, da yadda ya fito bai iya karatu da rubutu yadda ya kamata ba. Haka tsarin yake tun a Fuliancheng, shahararriyar makarantar Beijing da aka kafa a 1904, wadda ta yaye Ma Lianliang da ɗaruruwan 'yan wasa kafin ta rufe a 1948. Wanda ya kalli fim ɗin Chen Kaige da ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a 1993, labarin yara biyu da suka tashi a irin wannan makaranta, ya ga yadda abin yake.

Tsarin ya fitar da gwanaye, ba mu musa ba. Amma sunayen da suka yi fice kawai muke ji. Wanda muryarsa ta karye lokacin balaga, da wanda ya gurgunce a alkafura, sun fita ba sana'a ba karatu, ba kuma wanda ya rubuta tarihinsu. 'Ya'yan talakawa ne suka biya wannan farashi, kuma yawancin masu kewar tsarin ba za su kai nasu ɗan ba. Abu guda ne a tsohuwar makaranta ya cancanci a riƙe, kuma ba bulalar ba ce: gwani da ke tsaye a kan ɗalibi shekara da shekaru, yana gyara masa yatsa da ido da numfashi, yana zuba masa cikakken wasa daga farko har ƙarshe. Ana iya raba wannan da duka, an kuma raba.

Silsilar Suzhou

Kunqu ya fi jingju tsufa nesa ba kusa ba. A yankin Kunshan da ke kusa da Suzhou ya tashi, ya bunƙasa a ƙarni na 16 zamanin daular Ming. Zuwa farkon ƙarni na 20 ya kusa ƙarewa, ƙungiyoyinsa sun watse, gwanayensa sun tsufa cikin talauci. A 1921 wasu masoyansa suka buɗe 'yar makaranta a Suzhou, wani mai masaƙa, Mu Ouchu, ya ɗauki nauyinta, aka nemo tsofaffin 'yan wasan da suka rage aka ba su yara 'yan gomomi. Kowane ɗalibi aka sa masa kalmar Chuan a sunansa na wasa, ma'anarta kuwa miƙa abu daga hannu zuwa hannu. Ba minista, ba manhaja.

Yaƙi ya tarwatsa su, wasu suka bar sana'ar. Amma a 1956 biyu daga cikinsu, Zhou Chuanying da Wang Chuansong, suka zo Beijing da wata ƙungiya daga Zhejiang da ta daɗe tana fama da rashi, suka nuna wasan Shiwu Guan, labarin alƙalin da ya tsaya ya sake bincike ya kuɓutar da mutum biyu da wani jami'i mai gaggawa ya yanke wa hukuncin kisa. Birnin ya ɗauka, Mao ya kalla, Zhou Enlai ya yaba, jaridar jam'iyya ta yi sharhin cewa wasa guda ya farfaɗo da fanni sukutum. Masu yabon hukuma sukan tsaya a nan. A ƙara shekara goma a kai: hukumar nan dai ita ce ta hana kunqu baki ɗaya a 1966. Tagomashin mai mulki kamar hadarin kaka yake, yau ya zubar, gobe ya wuce. Abin da ya haye shekarun nan goma shi ne abin da ke cikin jikin mutane, domin wannan ba a tara shi a haraba a cinna masa wuta.

Zhou Chuanying ya koyar da Wang Shiyu. Da marubuci Pai Hsien-yung na Taiwan, wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'ar California da ke Santa Barbara, ya ƙuduri niyyar dawo da kunqu ga matasa, Wang Shiyu ya nema, tare da gwana Zhang Jiqing. Ya ɗauko matasa biyu daga ƙungiyar kunqu ta Suzhou, Yu Jiulin da Shen Fengying, ya dage sai sun durƙusa sun yi mubaya'a ga malaman bisa tsohuwar al'ada, aka shafe kusan shekara ana horar da su. Wasan da ya zaɓa shi ne Mudan Ting na Tang Xianzu, wanda aka kammala a 1598. Asalinsa fitowa 55 ne, suka taƙaita zuwa 27, duk da haka sai da ya ci dare uku, kimanin awa tara. An fara nuna shi a Taipei a 2004, sannan aka bi jami'o'in Sin ɗaya bayan ɗaya, har jami'ar Peking, aka kai shi California a 2006. Ɗaliban da ake cewa ba sa iya zama minti goma suka cika zaure dare uku a jere. Daga nan jami'ar Peking ta buɗe darasin kunqu wanda gwanaye ke shigowa aji da kansu su nuna.

A dubi bambancin. Can an ɗauka yaro ba zai iya da abu mai nauyi ba, aka gutsura masa minti uku mai sauƙi. Nan an girmama shi aka ba shi abin gaba ɗaya, daga hannun waɗanda suka karɓa daga waɗanda suka karɓa. Shi kansa Pai haka ya kamu: yana yaro a Shanghai bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kai shi kallon Mei Lanfang yana yin wani ɓangare na wannan wasa, bai fahimci baitin ba, amma sautin ya zauna masa kusan shekara sittin har ya haifi wannan aiki.

Kuma Tang Xianzu ya riga mu yin wannan gardama, a cikin wasan ma. Akwai fitowar da wani tsohon malami, Chen, ke koya wa budurwa Du Liniang waƙar farko ta tsohon kundin waƙoƙin Sin. Waƙar bege ce, amma shi sai ya juya ta ta koma wa'azin ladabin mace. Kuyangarta Chunxiang ta yi ta yi masa shaƙiyanci, ta nemi izinin fita, ta dawo da labarin wani lambu da ke bayan gida. A lambun ne Liniang ta yi mafarkin saurayi, ta mutu da begensa, soyayya ta dawo da ita duniya. Fiye da shekara ɗari huɗu ke nan marubucin ya nuna abin da ke faruwa in aka ba mai fassarar hukuma waƙa mai rai: ɗalibai su yi hamma, su tsere lambu.

Inda aka gyara da inda ya rage

Adalci ya sa mu faɗi cewa Sin ba ta tsaya a 2008 ba. A 2015 majalisar gudanarwar ƙasar ta fitar da manufar tallafa wa xiqu, a 2017 kuma hukumomi huɗu suka haɗu a kan shirin kai wasan makarantu, da burin kowane ɗalibi ya kalli wasa ɗaya kyauta a shekara, an kuma ba wasannin larduna wuri. Wannan ya fi jerin waƙoƙi 15, domin ɗan wasa na gaske ne ke zuwa. Mu kuma tuna ƙungiyar Suzhou da Pai ya yi aiki da ita ta gwamnati ce, albashin gwamnati ne ya riƙe 'yan wasanta, kuma sanya kunqu da UNESCO ta yi a jerinta a 2001 ya jawo masa kuɗi. Wanda ya ce a cire hannun hukuma kwata-kwata, tsofaffin gwanaye yake so su mutu da yunwa.

Sai dai duk wanda ya san ofis ya san abin da ke bin irin wannan umarni: ƙidaya. Makarantu nawa aka je, ɗalibai nawa suka zauna, hotuna nawa aka ɗauka. Abin da ya fi sauƙin ƙidayawa shi ne ƙungiya ta zo da rana ta yi guntaye uku, a shafa wa yara fenti, a tafa, a rubuta rahoto. Hannun da ke ba da kuɗi kuma bai daina zaɓe ba, shi ya sa ƙungiyoyin gwamnati ke ta fitar da sababbin wasanni a kan tarihin jam'iyya da nasarorinta, yayin da kowane tsohon gwani da ya rasu ke tafiya da wasannin da ba a samu lokacin karɓa daga gare shi ba.

Ma'aunin gaskiya ɗaya ne: shin yaron zai dawo da ƙafarsa ranar da ba wanda ya kira sunansa a rajista? A 2023 wata ƙungiyar yueju a Hangzhou ta sa wasan da aka ɗauko daga wani fim ɗin Hong Kong na 1992 mai labarin masaukin Longmen, a ƙaramin zaure inda 'yan kallo ke zaune kamar baƙin masaukin. 'Yar wasa Chen Lijun, wadda ta fito a gurbin namiji, ta karaɗe Douyin, tikiti ya yi wuyar samu, matasa suka riƙa yin tattaki daga wasu garuruwa. Babu takardar da ta umarce su. Abin da suka biyo gwaninta ce da aka gina tun tana yarinya a makarantar wasa ta garinsu Shengzhou, mahaifar yueju, cikin karin harshen wurin.

Mu da muka haddace ma'anar tashe da ire-iren wasannin gargajiya a littafin aji don mu ci jarrabawar Hausa, mun san tazarar da ke tsakanin amsa tambaya a takarda da jin ƙarar gwangwani a ƙofar gida cikin daren azumi. Saboda haka in wani ya sake nuna mana Sin ya ce a yi koyi, sai mu tambaye shi wace Sin yake nufi. In ta ofishin da ya zaɓi waƙoƙi 15 ce, mun gode, a bar musu abinsu. In kuwa ta 'yar makarantar Suzhou ce, to aikin a fili yake, kuma ba ya buƙatar taron ƙaddamarwa: a nemo tsohon da ya iya tun yana da rai, a biya shi abin da zai riƙe shi, a ba shi yara da lokaci, a hana shi bulala, sannan mai ba da kuɗin ya koma kujerar 'yan kallo ya zauna.